Tambarin Gidan Atisaye a Gonin Gora: Ari Horon Soja, Bar Masa Kakinsa

Kaduna gari ne na soja. Hedikwatar Runduna ta Ɗaya tana Kawo, makarantar horar da hafsoshi ta NDA tana nan tun 1964, ga masana'antar makamai ta DICON a Kakuri, ga kuma Jaji a kan hanyar Zariya. Yaron da ya tashi a garin ya saba jin usur da ganin fareti. Don haka ba abin mamaki ba ne matashin da ya buɗe wurin motsa jiki a Gonin Gora ya so ya gina sana'arsa a kan salon barikin soja: gudun asuba a jere, tsallen kwaɗo, rarrafe a ƙasa, da mai horarwa yana daka tsawa. Wannan kasuwa ta daɗe a wasu ƙasashe. A Ingila kamfanin British Military Fitness ya fara ta a filayen shaƙatawa na Landan tun 1999.

Matsala tana tasowa ne ranar da za a zana tambari. Abin da yakan fara zuwa ran mai sana'a shi ne gaggafa, da bindigogi biyu a gicciye, da launin kaki mai dabbare-dabbare. Duk ukun suna iya jawo masa fitina.

Da farko akwai doka. Tambarin Sojan Ƙasa na Najeriya, mai gaggafa a kan tauraro mai kusurwa shida da rubutun "Nasrun minallah", mallakar rundunar ne. Tambarin ƙasa mai dawakai biyu kuwa dokar tuta da tambari ta 1960 ce ke kare shi, ba a sa shi a harkar kasuwanci sai da izini. Dokokin laifuka sun hana farar hula shiga kayan soja, kuma rundunar ta sha yin gargaɗi a kan kaki mai dabbare-dabbare. Wanda ya buga shi a rigunan ɗalibansa, ya fito da su gudu a bakin titin Kaduna zuwa Abuja, inda shingayen jami'an tsaro suke, ya san da wa zai gamu. Haka nan igiyar saja da aninin hafsa: alamomin muƙami ne, ba ado ba.

Na biyu shi ne idon maƙwabta. Gonin Gora, da ke ƙaramar hukumar Chikun, ta sha fama da masu garkuwa da mutane, har a 2024 an shiga unguwar an kwashi mutane. A yankin Arewa maso Yamma an sha ba da labarin 'yan bindiga da ke zuwa cikin kakin soja. A wuri irin wannan, allo mai hoton bindiga ba ya kiran ciniki. Uwar da ke son ɗanta ya rage zaman banza, ko ma'aikaciyar da likita ya ce ta rage ƙiba, za su ga allon su wuce. Abin da suke nema shi ne horo, da cika lokaci, da juriya, kuma ana iya nuna waɗannan da usur, ko sawun takalmin but, ko mutum uku suna gudu kafaɗa da kafaɗa.

Na uku shi ne aikin mai bugu. A shagon buga riguna kowane launi da nasa allon, don haka tambari mai launi biyar ya fi mai launi biyu tsada, ya kuma fi saurin cuɗewa. Kore mai duhu da baƙi, ko baƙi da rawaya, sun isa. Rubutun da ake kira sitensil, mai haruffa a yanyanke, ya samo kamanninsa daga farantin da ake ɗorawa a kan akwatunan kaya a fesa fenti. Shi kaɗai yana kawo ƙamshin bariki ba tare da an taɓa kayan kowa ba. Sai dai a duba ko yana da ƙ da ɗ da ɓ, domin yawancin irin waɗannan haruffa ba su da su, sai "ƙarfi" ya fito da gurbi a gaba. Kafin a biya mai zane, a gwada tambarin a ɗan da'irar hoton WhatsApp, a buga shi baƙi da fari a rasit, a kuma kalle shi daga tsallaken titi. A karɓi ainihin fayil ɗin da ake faɗaɗawa ba tare da ya dusashe ba, ba hoton waya kawai ba.

Saura rajista. Mutane da yawa suna zaton takardar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta gama komai, alhali sunan kasuwanci kawai take karewa, kuma kalmomi irin su "National" da "Federal" sai da amincewar hukumar. Tambari kuwa ana yi masa rajista ne a ofishin alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, bisa dokar 1965. Rajistar farko shekara 7 ce, ana sabuntawa duk shekara 14.

Kama da wane ba ta wane. Mai gidan atisaye ɗan kasuwa ne, kuma tambarin da zai amfane shi shi ne wanda soja zai gani bai tsayar da shi ba, maƙwabci kuma ya gani ya tambayi nawa ne kuɗin wata.