Gwajin Manhajar Na'urori: Abin da Ɗan Kasuwa Ya Kamata Ya Sani

BAUCHI — A shagunan da ke kewayen Ƙofar Wambai, kamar sauran sassan birnin Bauchi, ciniki ya dogara ne a kan wasu ƙananan na'urori: mitar wutar lantarki mai kati, da na'urar POS, da injin da ke juya wutar batir zuwa ta gida. Kowace daga cikinsu tana ɗauke da ƙaramar kwamfuta, kuma da yawansu suna aiki ne da wata irin manhaja da masana ke kira mai aiki a kan kari.

Bambancinta da manhajar kwamfutar ofis shi ne wa'adi. Idan kwamfutar ofis ta yi jinkirin daƙiƙa biyu, haƙuri kawai za a yi. Amma na'urar da aka ɗora wa yanke wuta kafin waya ta ƙone, tilas ta amsa cikin ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba. A nan, amsar da ta makara daidai take da kuskure. Daga cikin sanannun manhajojin akwai VxWorks ta kamfanin Wind River na Amurka, da FreeRTOS wadda Richard Barry ya ƙirƙiro a 2003, da Zephyr wadda ta fito a 2016.

Matsalar ita ce, kurakuran wannan fanni ba su cika bayyana ga mai gwaji da hannu ba. Wani ba ya fitowa sai ayyuka biyu sun yi karo a lokaci guda, wani kuma sai na'ura ta yi watanni a kunne. Saboda haka ne masana'antu suka koma ga gwaji mai sarrafa kansa, wato a sa wata kwamfuta ta riƙa aika wa na'urar umurni dubbai dare da rana, tana auna lokacin kowace amsa, tana katse mata wuta da gangan, tana kuma tura agogonta gaba domin a ga abin da zai faru bayan shekaru. Duk lokacin da aka taɓa layi guda a manhajar, sai a maimaita gwajin baki ɗaya.

Misalai biyu daga ƙetare sun isa su nuna amfanin haka. A watan Yulin 1997, kumbon Pathfinder da Amurka ta saukar a duniyar Mars ya riƙa kashe kansa yana sake tashi, domin wani ƙaramin aiki ya tare wa muhimmi hanya. Sai da injiniyoyi suka maimaita matsalar a kan kwafin na'urar da ke ƙasa kafin suka aika gyara. A 2015 kuma, gwajin ɗakin bincike ya gano cewa na'urorin da ke kula da janaretocin jirgin Boeing 787 za su iya tsayawa idan suka yi kwanaki 248 a kunne, saboda cikar ma'aunin ƙidayarsu. An gano wannan a ƙasa, ba a sararin sama ba.

Irin wannan cikar ƙidaya ta taɓa mutanen Bauchi kai tsaye. A da, lambobi 20 da ake saye a sa wa mita suna ɗauke da adadin mintocin da suka shige tun daga 1 ga Janairu, 1993. Gurbin da aka tanada bai wuce minti 16,777,216 ba, wanda ya cika a ranar 24 ga Nuwamba, 2024. Wannan ya sa kamfanonin rarraba wuta, ciki har da na Jos wanda Bauchi ke ƙarƙashinsa, suka bai wa masu mita lambobin musamman domin sabunta ta. Da yake an san ranar tun da wuri, an samu damar shiri.

Ta fuskar tattalin arziki, lissafin a fili yake. Kuskuren da aka kama a masana'anta, albashin injiniya kawai yake ci. Wanda ya ɓulla bayan an sayar da na'ura dubu, yana cin kuɗin sufuri da na gyara, da cinikin da ya tsaya, da kuma amanar abokan hulɗa. Mafi yawan wannan asara tana faɗawa ne a kan dillalin da ya shigo da kayan da kuma mai shagon da ke amfani da su.

Don haka ya kamata mai sayen irin waɗannan kaya da yawa ya nemi shaida kafin ya biya. Hukumar NEMSA ce ke gwada mitoci, kamfanin NIBSS ke tantance na'urorin POS, yayin da hukumar SON ke neman takardar SONCAP ga kayan da aka shigo da su. Har ila yau, a tambayi mai sayarwa ko kamfanin yana fitar da gyaran manhaja, da kuma wanda zai ɗauki nauyin sa shi. Araha ba ta ado, musamman ga na'urar da kuɗin ciniki ke bi ta cikinta.