Tasirin Sinadarin Butiret a Kan Ƙwayoyin Garkuwar Jiki: Misali Daga Cimar Ƙasar Katagum

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda wani sinadari da ke samuwa a hanjin ɗan Adam, mai suna butiret, yake sarrafa ayyukan ƙwayoyin garkuwar jiki. An ɗauki cimar ƙasar Katagum ta Jihar Bauci a matsayin misali, domin gero da dawa da wake da ake nomawa a can, ake kuma cinikinsu a kasuwar Azare, suna cikin abincin da ke haifar da wannan sinadari.

2.0 Asali da Samuwar Butiret

Sunan ya samo tushe ne daga kalmar Girkanci mai nufin man shanu, domin daga man shanu wani Bafaranshe mai suna Michel Chevreul ya fara tace shi tsakanin 1814 da 1818. Shi ne ke ba man da ya daɗe a ajiye warin da aka san shi da shi. Sai dai wanda aka ci a cikin man, jiki yakan tsotse shi tun kafin ya isa babban hanji.

Wanda ya shafi garkuwa a babban hanjin ake samar da shi. Harza, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya iya narkarwa, kamar dusar hatsi da ɓawon wake da ganyen kuka, takan gangara can yadda take. Bakteriya masu amfani da ke zaune a wurin sai su tsima ta, su fitar da butiret. Da shi bangon hanjin ke samun mafi yawan kuzarinsa.

3.0 Tasirinsa a Kan Ƙwayoyin Garkuwa

Garkuwar da ta yi rauni takan bar cuta ta shiga, wadda ta wuce gona da iri kuwa takan afka wa jikin mai ita, ta haddasa kumburi. Butiret na taimakawa wajen daidaita wannan al'amari ta hanyoyi biyu.

Hanya ta farko ta shafi ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda aikinsu shi ne hana 'yan'uwansu zarce iyaka. Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana su a 1995, kuma ya samu kyautar Nobel a 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell. Bayanan gado a cikin ƙwayar halitta naɗe suke tamkar zare a jikin mazari, kuma inda naɗin ya yi tsauri ba ya karantuwa. Butiret na dakatar da sinadarin da ke tsaurara naɗin, sai sashen gado mai suna Foxp3 ya buɗe, ƙwayar T ta rikiɗe ta zama mai tsawatarwa. A 2013 masu bincike a Japan da Amurka suka tabbatar da haka a jikin ɓeraye, inda ƙarin butiret ya yawaita waɗannan ƙwayoyi, ya kuma rage kumburin hanji.

Hanya ta biyu ta shafi makurofaj, wato ƙwayoyin da ke haɗiye ƙwayoyin cuta. Binciken Jami'ar Yale na 2014 ya nuna butiret na rage musu fitar da sinadaran kumburi, na Jami'ar Oxford na 2019 kuma ya nuna yana ƙara musu ƙarfin kashe bakteriya masu cutarwa.

4.0 Dangantakarsa da Cima

A 2010 an kwatanta yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yara 15 na birnin Florence a Italiya. An tarar butiret da dangoginsa sun fi yawa a bayan gidan yaran ƙauyen. A 2015 kuma aka yi musayar cima ta mako biyu tsakanin baƙaƙen fatar Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20. Butiret ya ƙaru a hanjin Amurkawan, alamun kumburi suka ragu, yayin da akasin haka ya faru ga 'yan Afirkan.

Cimar yaran Boulpon ba ta da nisa da ta Katagum: tuwon dawa da miyar kuka, fura, ɗanwake, kwaɗon rama da na zogale. Abin lura shi ne, surfe mai tsanani yakan tafi da dusa, wadda ake zuba wa dabbobi, kuma burodi da taliyar farar fulawa da gogaggiyar shinkafa harzarsu kaɗan ce.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa bakteriyar hanji na mayar da harza butiret, shi kuma yana daidaita ƙwayoyin garkuwa. Saboda haka gidan da ya sassauta surfe, ya kuma riƙe wake da miyar ganye, yana ciyar da bakteriyar da ke yi masa wannan aiki.