Magani ɗaya, matsala biyu: kumburin prostat da sanƙo

Yawancin maza, idan shekaru suka ja, sukan gamu da abubuwa biyu: fitsari ya fara wuya, gashin kai kuma ya fara zuba. Akwai magani guda mai suna finasteride da likitoci ke rubutawa domin su duka biyu. Amma awonsa ya bambanta, kuma yana da sharuɗɗan da ya kamata mai sha da iyalinsa su sani.

Mi ne ne prostat?

Prostat wata ƴar tsoka ce da namiji kaɗai ke da ita. Girmanta kamar na goro ne matsakaici, tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye hanyar fitsari. Aikinta shi ne samar da wani kashi na ruwan maniyyi. Tana ƙara girma da shekaru, har kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan kumburi. Idan ta matse hanya, sai mutum ya riƙa tashi da dare sau da yawa, fitsari ya fito da rauni ko yana katsewa, ya gama amma ya ji da saura. Wannan kumburi ba kansa ba ne, sai dai alamominsu na iya kama da juna.

Mi ya haɗa prostat da sanƙo?

Jikin namiji yana juya wani kashi na sinadarin mazakuta, wato testosteron, zuwa wani mai ƙarfi da ake kira DHT. Shi wannan DHT ne ke sa prostat girma. Shi ne kuma ke ƙanƙantar da saiwar gashi a goshi da tsakiyar kai ga wanda ya gaji sanƙo.

A shekarar 1974, likita Julianne Imperato-McGinley ta ba da bayanin wasu iyalai na Jamhuriyar Dominika waɗanda mazansu ba sa iya samar da isasshen DHT tun haihuwa. An lura prostat ɗinsu ƙarama ce, kuma ba sa yin sanƙo. Daga nan kamfanin Merck ya haɗa finasteride, wanda ke rage DHT na cikin jini da kusan kashi 70 cikin 100. A Amurka an yarda da ƙwayar miligaram 5, mai suna Proscar, domin prostat a 1992. Ta miligaram 1, mai suna Propecia, an yarda da ita domin sanƙo a 1997.

Yadda likita ke zaɓen magani

Kafin ya rubuta komi, likita zai yi tambayoyi, ya taɓa prostat da yatsa ta dubura, ya sa a auna fitsari, sau da yawa har da gwajin jini mai suna PSA. Dalili shi ne, wahalar fitsari na iya fitowa daga ciwon suga, ko ƙwayoyin cuta, ko ƙunci na hanyar fitsari bayan ciwon sanyi, ko tsohuwar cutar fitsarin jini.

Idan alamomi ba su da tsanani, mai yiwuwa a ce ya rage shan ruwa da shayi bayan magariba, a ci gaba da lura. Idan suna damunsa, akwai iri biyu na magani:

Na farko, irin su tamsulosine da alfuzosine. Suna sassauta tsokar bakin mafitsara, kuma ana jin sauƙi cikin kwanaki. Ba sa rage girman prostat. Suna iya sa jiri idan mutum ya miƙe da sauri. Wanda za a yi wa aikin yanar ido ya faɗa wa likitan ido cewa yana shan su.

Na biyu, finasteride miligaram 5 ko dutasteride miligaram 0,5, sau ɗaya a rana. Suna rage girman prostat da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, suna kuma rage haɗarin toshewar fitsari da buƙatar aiki. Amma sai an yi haƙuri, domin sakamako kan ɗauki wata 6. Sun fi amfani ga wanda prostat ɗinsa ta girma sosai, kuma wani lokaci ana haɗa iri biyun.

Game da sanƙo, ana shan miligaram 1 a rana. Ba a ganin canji sai bayan wata 3 zuwa 6, kuma idan aka daina, gashin da aka samu zai zube cikin shekara guda. Akwai kuma minoxidil, wanda ake shafawa a fatar kai.

Abubuwa huɗu da ya wajaba a sani

1. Finasteride na rage sakamakon gwajin PSA da kusan rabi. Idan mutum yana sha a ɓoye, likita na iya ganin sakamako mai kyau alhali kansa tana farawa. Wannan babban lamari ne, domin kansar prostat ta fi yawa ga baƙar fata. Ko ta sanƙo ce kake sha, ka faɗa.

2. Mace mai ciki kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe ko aka daka. Maganin na iya lalata halittar al'aurar ɗan tayi namiji. A gidajenmu sau da yawa mata ko ƴa ce ke ba tsoho magani, saboda haka a bar ƙwayar yadda take, a haɗiye ta ɗungum. Kada a sayi ta miligaram 5 a farfasa domin sanƙo.

3. Wasu maza sukan sami raguwar sha'awa, ko raunin gaba, ko ƙarancin maniyyi, ko ciwon nono. Ga yawanci abin kan wuce, amma wasu sun ce ya ci gaba bayan sun daina sha. Ba abin kunya ba ne a gaya wa likita.

4. Yana iya jawo baƙin ciki mai tsanani. A 2025 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar da tunanin kashe kai cikin illolinsa. Mai sha domin sanƙo, idan ya ji haka, ya daina, ya ga likita nan take.

Shawara

Kada a sayi waɗannan magunguna wajen masu talla a kasuwa ko tasha. A je farmasi da takardar likita, wato ordonansi. Sanƙo ba ya hana lafiya, saboda haka saurayi ya auna amfani da illa kafin ya fara. Wahalar fitsari kuwa ba a barinta. Idan fitsari ya tsaya gaba ɗaya, mara ta kumbura, ko aka ga jini, ko zazzaɓi ya biyo, a kai mutum asibiti mafi kusa a ranar, domin a sa masa roba a fitar da fitsarin kafin ƙoda ta taɓu. Daga nan za a iya tura shi babban asibiti na Yamai, Damagaram, Maraɗi ko Tawa.