Idan Injektar Ferrari Ta Mutu, Ina Ake Samo Wata?

Kamfanin Ferrari da ke Maranello a Italiya yana ƙera injinsa da kansa, amma ba ya ƙera injekta. Haka Lamborghini, haka Porsche. Wannan ɗan ƙarfen mai tsawon yatsa da ke fesa wa kowace silinda fetur, wurin wasu kamfanoni suke sayo shi, galibi Bosch na Jamus, wani lokaci kuma Weber-Marelli na Italiya, kamar yadda aka yi wa F40 ta 1987. Mai mota da ya san haka ya rage wa kansa rabin wahala da rabin asara, domin abin da dila zai miƙo masa a cikin kwali mai ruwan ɗorawa da tambarin doki, sau da yawa akwai shi a kwalin Bosch a kan kuɗin da bai kama ƙafar wancan ba.

A ɗauki Ferrari 328, wadda aka ƙera daga 1985 zuwa 1989, ko Testarossa mai silinda 12 da ta fito a 1984. Tsarin man da ke cikinsu na gidan K-Jetronic ne, wanda Bosch ya fara ɗora wa Porsche 911 a 1973. Injektar wannan tsari ba ta da waya ko ɗaya. Ƙarfin turin mai ne ke buɗe bakinta idan ya kai wajen bar 3.5, daga nan ta yi ta feshi ba ƙaƙƙautawa har a kashe mota. Tsohon bakaniken Kano ko Kaduna da ya sha gyaran Marsandi 190E da V-boot, idan aka buɗe masa bayan 328, zai ga akwatin rabon mai da siraran bututunsa ya ce ai ya san wannan, kuma gaskiyarsa ce, dangi ɗaya ne.

Sai dai kama da wane ba ta wane. A jikin kowace injektar Bosch akwai lamba mai alƙaluma 10 da aka buga. Ta K-Jetronic tana farawa da 0 437 502. Mai aiki da lantarki, irin wadda ke cikin Ferrari 348 da F355, tana farawa da 0 280 15. Mai fesawa kai tsaye cikin silinda kuwa 0 261 500 ce. Alƙaluman ƙarshe su ne ke rarrabe wannan da waccan, kuma su ne masu sayarwa marasa tsoron Allah ke cewa ba su da muhimmanci tunda "za ta shiga". Za ta shiga ɗin, mota ma za ta tashi. Ɓarnar sai daga baya take bayyana.

Dalili shi ne, ƙwaƙwalwar mota ba ta ganin man da ya fita. Abin da take yi kawai shi ne ta buɗe injekta na ɗan wani yanki na daƙiƙa, bisa lissafin cewa injektar tana zubar da adadin da aka tsara mata. Ana auna wannan adadi da cc a minti ɗaya, yawanci a kan turin bar 3. Akwai kuma juriyar waya: wasu suna tsakanin om 12 zuwa 16, wasu 2 zuwa 3, kuma idan aka sa mai ƙaramar juriya inda aka tsara babba, ana iya ƙona ƙwaƙwalwar. Akwai yanayin feshin, akwai tsawo, akwai bakin soket. A motar da ake zuwa kasuwa da ita, ɗan bambanci kan iya ɓuya shekara da shekaru. Injin F355 kuwa yana juyi sama da 8,000 a minti. Silindar da ta samu mai ƙasa da kima a irin wannan gudu zafi take ɗauka har ta ƙona bawul ko ta narkar da kan fistin. Wadda ke ɗiga kuma tana wanke bangon silinda, fetur ya gangara ya tsinka baƙin mai. Ko wanne ya faru, maganar ta tashi daga sayen injekta ta koma sauke inji.

Kafin ma a kai ga saye, a tabbata ita ce ta mutu. Inji mai rawa ko mai jan numfashi, sau da yawa laifin fulogi ne, ko koyil, ko fanfon mai, ko filtar da ta toshe. Irin waɗannan motoci kuma zama ne ke kashe su fiye da tafiya: mota ta yi wata shida a rufe da tamfol, fetur ya tsufa ya zama danƙo a bakin allura. A Nijeriya ga kuma matsalar man kansa. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ya lalata motocin jama'a, balle man galan na 'yan bumburutu da ba a san abin da aka zuba masa ba. Akwai na'urar gwaji da ake jera injektoci a kanta, kowace da dogon kofin gilashi a ƙarƙashi. Ana kunnawa za ka ga lafiyayyiya tana fitar da feshi kamar hazo, marar lafiya tana tsartuwa gefe guda, bayan minti ɗaya kuma a duba ko man kofunan ya zo kai ɗaya. Injektoci masu aiki da lantarki da yawa wanki kawai suke so, a sauya musu ƙaramar matata da robobi, su dawo daidai. Na K-Jetronic ba a kwance su, idan sun ƙi wankuwa sai dai a sauya, kuma duka jerin ake sauyawa, ba ɗaya ba.

Idan saye ya zama dole, kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka da Ladipo ba nan ne wurin nema ba, sai dai a yi dace. Kamfanonin da suka ƙware a kayan tsofaffin Ferrari a Ingila da Jamus da Amurka su ne madogara, Bosch ma yana da sashen da ke kula da kayan tsofaffin motoci. Ta hannu da aka ciro daga motar da ta yi haɗari ba laifi ba ce, muddin an gwada ta kafin a ɗaura. Abin gudu shi ne tallan intanet na jerin takwas sababbi fil a kan kuɗin guda ɗaya. A ganina wannan bai cancanci ko tayi ba. Masu jabu sun iya buga lamba da tambari, abin da ba su iya ba shi ne sa takwas ɗin su zubar da mai daidai wa daida.

Sababbin motoci sun fi tsauri. Ferrari California ta 2008 da Gallardo LP560-4 ta shekarar suna fesa mai kai tsaye cikin silinda da turin da kan kai bar 100 ko fiye. Tun 1998 Audi ya sayi Lamborghini, kuma injin Gallardo ɗin ɗan'uwan na Audi R8 mai silinda 10 ne, don haka yana da kyau a tambayi dilan Audi kafin a biya kuɗin Lamborghini. Zoben da ke bakin irin wannan injekta sau ɗaya ake amfani da shi, kuma da kayan aiki na musamman ake sa shi. Bakaniken da ya ce zai mayar da tsohon, a karɓe makulli.

Mai neman injekta ya aika wa mai sayarwa lambar shasi da hoton lambar da ke jikin tsohuwar, ya nemi takardar gwaji, ya haɗa da sababbin robobi. Bayan an ɗaura, a kunna mota a tsaye a duba kowane baki da tocila kafin a hau titi. Injin 328 da na F355 a bayan kujerar direba yake, kuma ɗigon fetur kaɗan a kan salansa mai zafi ya isa ya tayar da gobara.