YADDA AKE SHIRIN DOGON GUDU DOMIN TAIMAKON MASU CIWON DAJI

'Yan'uwa manoma, a wasu ƙasashe akwai al'ada, mutum ya yi dogon gudu, jama'a kuwa su yi alkawarin kuɗi a kan kowane mil da ya gudu. Kuɗin da aka tara a kan bai wa asibiti, ko masu binciken magani. Wanda ya ga ranar gudu kaɗai zai ce abin wasa ne. Ainihin aikin kuwa yana cikin watannin shiri, lokacin da ba mai kallo, ba mai tafi. Domin mu gane wannan, bari mu duba labarin wani saurayi na ƙasar Kanada mai suna Terry Fox.

Mafarin abin

An haifi Terry Fox a shekarar 1958. Ubansa ma'aikacin reluwe ne. A 1977, yana da shekara 18, gwiwarsa ta dama ta dame shi da ciwo. Likitoci suka duba suka tarar ciwon daji ne na ƙashi. Tilas aka yanke ƙafar a bisa gwiwa, aka sa masa ta roba da ƙarfe. Ya yi wata 16 yana karɓar magani mai ƙarfi da ake ɗurawa ta jijiya.

Likitoci suka faɗa masa, cikin mutum 100 masu irin ciwonsa, wajen 50 suna rayuwa, amma shekara biyu kafin nan 15 ne kawai. Sabon magani da masu bincike suka samo shi ne ya kawo bambancin. Wannan magana ta zauna masa a zuciya. A asibiti kuma ya ga yara da tsofaffi suna shan azaba, waɗansu suna mutuwa. Sai ya ƙudura zai ƙetare ƙasarsu da gudu, daga teku zuwa teku, wajen kilomita 8,000, domin ya tara kuɗin bincike. Ya riga ya karanta labarin wani Ba'amurke mai ƙafa ɗaya, Dick Traum, wanda ya gama gudun famfalaki na birnin New York a 1976, saboda haka ya san abu ne mai yiwuwa.

Wata goma sha huɗu na shiri

Ya fara koyo a watan Fabrairu 1979. Da fari ko mil ɗaya bai iya cikawa ba. Ƙafar robar an yi ta domin tafiya ce, ba ta saurin dawowa gaba, don haka ya koyi yin ɗan tsalle a kan lafiyayyar ƙafar kafin ya jefa ɗayar. Dungun ƙafar ya yi ta yin bororo yana zub da jini. Ya lura in ya jure kamar minti 20 na fari, zafin yakan sassauta. Kaɗan kaɗan ya yi ta ƙara nisa.

Bayan wata bakwai, ran 2 ga Satumba 1979, ya gwada kansa a tseren mil 17 a garin Prince George. Shi ne ya zo na ƙarshe, minti goma bayan wanda ke gabansa. Amma ya gama, abin da ya je nema ke nan. Sai bayan wannan gwaji ya faɗa wa mahaifiyarsa niyyarsa. Da fari ba ta yarda ba, kamar yadda kowace uwa za ta yi, daga baya ta goyi bayansa.

Daga nan ya yi kwana 101 a jere yana gudu, bai huta ba sai ranar Kirsimati, shi ma don mahaifiyarsa ta roƙe shi ne. Kafin ranar tashi ya riga ya gudu fiye da kilomita 5,000 a wajen koyo kaɗai.

Bayan shirin jiki akwai na takarda. A watan Oktoba 1979 ya rubuta wa Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Kanada yana neman goyon baya. Suka ce sai ya kawo shaidar likitan zuciya tukuna, ya kuwa kawo. Ya rubuta wa kamfanoni: Ford suka ba da mota mai wurin kwana, Adidas suka ba da takalma, wani kamfani ya ba da mai. Amma duk wanda ya nemi ya yi masa tallar kaya, sai ya ƙi, gama ba ya so kowa ya ci riba da gudun.

Gudun kansa

Ran 12 ga Afrilu 1980 ya tsoma ƙafar robar cikin tekun Atlantika a garin St. John's, ya kama hanya. Abokinsa Doug Alward yana tuƙa motar, yana dafa abinci. Kwanakin fari ga iska, ga ruwa, ga sanyi, kuɗi kuwa ba su shigowa sosai. Gajiya ta sa shi da abokinsa suka yi ta saɓawa, har ƙanensa Darrell ya zo ya shiga tsakani.

Da suka isa Port aux Basques, gari mai mutum wajen 10,000, mutanen suka tara dala 10,000. A nan Terry ya ga hanya: in kowane ɗan Kanada ya ba da dala ɗaya tak, su miliyan 24, an sami dala miliyan 24.

Ya yi kwana 143 a hanya, ya gudu kilomita 5,373. Wannan ya fi tafiya daga Legas zuwa Maiduguri sau uku. Ran 1 ga Satumba, kusa da garin Thunder Bay, tari da ciwon ƙirji suka tsai da shi. Ciwon dajin ya bazu zuwa huhunsa. A lokacin an tara dala miliyan 1.7. Da ƙasa ta ji labari, cikin 'yan kwanaki aka tara fiye da miliyan 10 ta talabijin, a watan Fabrairu 1981 kuwa kuɗin ya kai miliyan 24 da ya yi fata. Ya rasu ran 28 ga Yuni 1981, yana da shekara 22.

A watan Satumba na shekarar nan mutum fiye da 300,000 suka fita gudu da sunansa. Har wa yau ana yin gudun kowace shekara a Kanada da wasu ƙasashe, an kuwa tara fiye da dala miliyan 850 ta Kanada. Yanzu yawancin masu irin ciwonsa ba a yanke musu ƙafa, in kuma an gane ciwon bai bazu ba tukuna, wajen bakwai cikin goma suna rayuwa.

Me ya sa jiki ke bukatar lokaci?

Duk wanda ya hori shanun noma ya san amsar. Ba a ɗaura wa ɗan bijimi garma ran fari. Sai ya saba da igiya, sa'an nan karkiya, sa'an nan jan gungume, kana ya shiga gona, ya yi ɗan aiki da sassafe a kwance shi. Wanda ya yi gaggawa zai sami sa mai gyambo a wuya daidai lokacin huɗa.

Haka jikin mutum yake. Zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni, amma ƙashi da jijiyoyi suna ɗaukar watanni. Shi ya sa saurayi yakan ji numfashinsa ya yi daidai, ya ƙara nisa da yawa, sai gwiwa ko ƙauri su kama ciwo. Ƙarfin kuma a lokacin hutu da barci yake shiga jiki. A nan kada mu yi koyi da Terry Fox, gama ƙin hutunsa ya jawo masa kumburi da raunuka da yawa.

Ina ruwan manomi da bincike?

Wani zai ce wannan zancen Turawa ne. To, ga misali daga rumbunmu. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci ƙuli-ƙulin gyaɗa da aka kawo daga Brazil. Masu bincike suka bi sawu, suka gano wani dafi da funfuna ke yi cikin gyaɗa da masara da ba su bushe sosai ba. Sunansa aflatoksin. Daga baya aka tabbatar yana kawo ciwon daji na hanta ga mutum. Saboda haka in malamin gona ya ce ku busar da gyaɗa sosai, ku tsince ruɓaɓɓu, kada ku jibge buhu a ƙasa mai laima, amfanin bincike ne kuke ci. Wani ne ya biya kuɗin aikin, mu kuwa muna mora.

In matasanmu suna so su gwada

Ba lalle sai an ƙetare ƙasa ba. Gudun mil biyar ko goma daga wannan ekklesiya zuwa waccan ya isa a tara abin kai mara lafiya babban asibiti. Ga shawara:

1. A sa rana bayan girbi, a fara shiri aƙalla wata uku kafin ranar.
2. Duk mai ciwon ƙirji, ko hawan jini, ko sikila, ko mai saurin suma, ya ga likita tukuna.
3. A fara da tafiya da gudu a gauraye, kamar minti 20, sau uku a mako. A ƙara nisa kaɗan kaɗan.
4. A yi gudu da asuba kafin rana ta yi zafi. A sha ruwa mai tsabta. Mai zazzaɓi kada ya fita.
5. Kada a sa sabon takalmi ranar gudu. A sa wanda ƙafa ta saba da shi.
6. A sami mai keke ko babur ya bi masu gudu da ruwa.
7. A zaɓi ma'aji da magatakarda tun da fari. A rubuta sunan kowane mai alkawari da abin da ya yi alkawari, a karanta lissafi a gaban jama'a, a nuna rasit na inda kuɗin ya tafi.

Wanda ba zai iya gudu ba yana da nasa rabo. Mudu ɗaya na dawa daga kowane gida shi ne dala ɗaya ta mutanen Port aux Basques. Kada kuma mu manta, ciwon daji ba sammu ba ne, ba ya kuwa yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Duk wanda ya ga ƙullutu a jiki, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko zubar jini ba dalili, ya je asibiti da wuri, ƙungiya kuma ta taimaka masa da kuɗin mota.

A taronku na gaba ku tattauna wannan: wane ne ke kwance a ƙauyenmu saboda rashin kuɗin asibiti, me kuma za mu fara yi tun wannan wata? Ubangiji ya ba mu ƙarfi da jimiri. Amin.