Shayi da Mai Juna Biyu: Ki Sha, Amma Ki San Lokacinsa

Uwargida, idan kina cikin masu tambaya ko ciki ya hana shan shayi, to bai hana ba. Akwai dai yawan da ya dace, akwai kuma lokacin da ya dace, kuma wajen lokacin ne aka fi yin sakaci.

A Sabon Tasha, da hunturu ya kankama, teburin mai shayi ba ya rabo da jama'a, a gida ma buta ba ta sauka daga kan wuta. Wasu na jaka suke sha, wanda kowa ke kira Lipton ko da ba shi ba ne. Wasu kuma ganyen awo suke saye a kasuwa, baƙi ko kore irin na Buzaye. Duk daga itace iri ɗaya suke fitowa, irin wanda ake nomawa a Kakara da ke kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Masana shayi sun fi ɗaukaka toho, wato ɗan ganyen ƙarshen reshe da bai gama buɗewa ba. A lardin Yunnan na ƙasar Sin har daji ake shiga a tsinko tohon tsofaffin itatuwan shayi, a shanya, a sayar da tsada. Ruwansa garai-garai yake, ƙamshinsa kamar na fure. Sai dai kada hasken ruwan ya ruɗe ki, domin tohon shayin gona yakan fi tsohon ganye yawan sinadarin kafeyin.

Kafeyin shi ne abin da ke kore barci ya wartsakar da jiki. Yana ratsa mabiyiya ya isa wurin jariri, alhali hantar jaririn ba ta ƙosa ta sarrafa shi ba. Ke ma a watannin ƙarshe yana daɗewa a jininki ninki biyu ko uku na yadda ya saba. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mai cikin da ke shan fiye da miligiram 300 a rana ta rage, saboda haɗarin ɓari da haihuwar jariri maras nauyi. Likitocin Ingila da Amurka sun tsaya a 200. Babban kofin shayi ɗaya yana ɗauke da kimanin 75. Ke nan kofi biyu a yini ya wadatar, musamman idan kina taɓa goro ko lemon kwalba mai kola, don su ma lissafinsu ɗaya ne.

Abin da ya fi damunmu a ɗakin awo shi ne baurin nan da kike ji a harshe. Sinadarin tanin ke kawo shi. Idan ya haɗu da abinci a ciki, sai ya ɗaure sinadarin ayon da ke cikin wake, alayyahu ko zogale, jiki ya kasa ɗauka. Haka yake yi wa ƙwayar ƙarin jini da muke ba ki. Mace tana iya shan maganinta kullum ba fashi, amma tana kora shi da shayi, a auna jininta a ga bai motsa ba. Ƙarancin jini kuwa ba abin wasa ba ne ga mai shirin haihuwa: jinin da wata za ta zubar ta tashi lafiya, ita sai ya kayar da ita. Saboda haka ki sha ƙwayar da ruwa zalla ko da ɓawon lemu guda, wato ki sha lemun zaƙi a kai, domin yana taimaka wa jiki ɗaukar ayon. Shayi ya jira awa ɗaya zuwa biyu bayan abinci da magani. Idan kin fara jin jiri, kasala, bugun zuciya, ko tafin hannunki ya yi fari, kada ki jira ranar awo.

Wajen haɗawa, ƙaramin cokali ɗaya na ganye ya ishi kofi. Ruwa ya tafasa ki sauke. Idan koren ganye ne ko toho, ki bari ya ɗan huce. Zuba a kan ganyen, rufe, minti biyu zuwa uku ki tace. Ki shaƙi tururin, ki kurɓa sau ɗaya kafin sukari ya shiga, a nan ne za ki san ganyen da kika saya. Yawan dafuwa ba ya ƙara daɗi, ɗaci da bauri da kafeyin yake ƙarawa. Shi ya sa atayar da maigida ke ta tafasawa da abokansa, musamman zagayen farko, ba taki ba ce a yanzu. Maigida, ka bar mata zagaye na uku, shi ma kaɗan. Wadda aka samu da ciwon sukari na ciki kuwa, ta sha ba sukari, ba madarar gwangwani mai zaƙi.

Citta kaɗan a cikin ruwan zafi tana sauƙaƙa tashin zuciyar laulayi, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta amince da hakan. Amma ganyen daji da saiwoyin da ake ƙullawa a leda a ce shayin gyaran ciki ne ko na sauƙin naƙuda, ba ki san abin da ke ciki ba, ba ki san ƙarfinsa ba, wasu kuma suna tayar da naƙuda lokaci bai yi ba. Idan an ba ki irinsa a gida, ki zo da shi a jakarki ranar awo ki nuna wa ungozoma kafin ki jiƙa.