Masar Tawa da Lafiyar Waɗanda Alkama ke Cutarwa

A birnin Tawa da garuruwan arewacin Adar, irin su Keita da Tamaske da Kalfu, masa tana cikin abincin safe da ya fi daɗewa a hannun mata, kuma har yau ba ta rasa matsayinta ba duk da yaɗuwar burodi da fanke da taliya. Ana yin ta da gero, wanda mutanen Nijar suka fi kira hatsi, ko da dawa, ko da shinkafar tuwo, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan ukun da ke ɗauke da sinadarin gulutin. Wannan ya sa abincin da iyalai a Turai da Amurka ke sayen gari na musamman mai tsada domin su toya wa ƴaƴansu da safe, yana nan a bakin titin Tawa tun da daɗewa.

Gulutin wani nau'in furotin ne, wato sinadarin gina jiki, da ake samu a cikin alkama da sha'ir da danginsu. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo ya riƙa miƙewa idan an ja shi, kuma shi ne ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har burodi ya kumbura. Mafi yawan mutane suna cin sa ba tare da wata illa ba, amma kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya yana da cutar siliyak, wadda a cikinta garkuwar jiki ke far wa bangon ƙaramin hanji duk lokacin da gulutin ya shiga ciki, har hanjin ya kasa tsotse amfanin abinci. Alamominta a jikin yaro su ne zawo mai daɗewa, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini da tsumburewa, kuma da yake waɗannan su ne alamomin tamowa da tsutsar ciki da aka saba gani a yankin Sahel, abu ne mai sauƙi a yi ta maganin wata cuta alhali tushen matsalar yana cikin burodin da yaron ke ci da shayi kowace safiya. Likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya tabbatar da alaƙar cutar da alkama a rubutunsa na 1950, bayan ya lura cewa yara masu ita sun samu sauƙi a lokacin yunwar da aka yi a ƙasarsa daga 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi ƙaranci. An daɗe ana ɗauka cewa cutar Turawa ce, sai wani bincike da aka buga a 1999 ya gano ta a jikin kashi 5.6 cikin 100 na yaran Sahrawi da aka gwada, al'ummar hamada da garin alkama ya zama babban abincinta, wanda darasi ne ga duk garin da fulawa ke ƙara samun gindin zama a cikinsa.

Abin da ya fi cancantar nazari a masa shi ne yadda take tashi ta yi laushi ba tare da danƙon alkama ba, domin matan da ke yin ta sun warware wannan matsala da dabaru uku da ke aiki tare. Ta farko ita ce talge. Bayan an surfa hatsi an wanke an jiƙa shi an kai markaɗe, sai a ɗebi kaɗan daga ƙullun a dama shi a kan wuta, a bar shi ya huce, sannan a mayar cikin sauran. Idan kuma masar shinkafa ce, sai a dafa kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na shinkafar a haɗa da jiƙaƙƙiyar. Sitacin da ya dahu yana yin kauri da yauƙi, kuma wannan kaurin ne ke tsare ƙananan kumfar iska a cikin ƙullu, aikin da gulutin ke yi a burodi.

Dabara ta biyu ita ce barin ƙullu ya kwana. A cikin dare yis da wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, irin waɗanda ke mayar da madara nono, suna cin sukarin da ke cikin hatsin, suna fitar da iskar da ke kumbura ƙullun da kuma tsamin da ke ba masa ɗanɗanonta. Wannan tsimuwa tana rage wani sinadari mai suna fayitet, wanda ke hana jiki cin moriyar ƙarfen da ke cikin hatsi, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga yara da mata masu ciki. A nan yanayin Tawa ke shiga lissafi: a bazara, cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ƙullu kan tashi cikin ƴan sa'o'i kuma yakan yi tsami fiye da kima idan an yi sakaci, amma a hunturun Disamba da Janairu sai an rufe shi an ajiye a ɗaki mai ɗumi kafin ya motsa. Ruwan kanwa kaɗan da ake zubawa dab da suya yana kashe tsamin da ya wuce, yana kuma ƙara tayar da ƙullun, amma idan ya yi yawa sai masa ta yi ja ta yi ɗaci.

Ta uku ita ce tanda kanta. Ƙullun da ba shi da danƙo zai baje ya karye a kan kasko mai faɗi, amma ramukan tanda suna riƙe shi har gefensa ya soyu a cikin man gyaɗa, a juya shi da tsinke ko cokali ya ƙarasa nuna. Wuta matsakaiciya ake so, domin mai ƙarfi tana ƙona baya ta bar ciki ɗanye.

Sai dai ba kowace masa ce amintacciya ga mai cutar siliyak ba, kuma a nan ne iyaye suka fi buƙatar sa ido. Wasu masu sana'a suna ƙara fulawa a ƙullu domin ya haɗe da sauri ya yi auki, wasu kuma suna soya masa da man da aka soya fanke a ciki. Injin unguwa da ya niƙa alkama kafin ya markaɗa hatsi yana barin ragowa a cikinsa, kuma wasu dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a miya suna ɗauke da garin alkama. Ma'aunin da hukumar Codex ta duniya ta sa wa abincin da za a ce ba shi da gulutin shi ne kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya, adadin da ɗan cokalin fulawa a cikin babbar roba ta ƙullu ya isa ya zarce shi. Saboda haka gidan da ke da irin wannan majinyaci ya fi dacewa ya yi masarsa da kansa, ya ware turmi ko ya sa a wanke inji, ya keɓe tanda da ludayi da mai.

Ba a kuma so a hana yaro alkama bisa zato kawai, domin gwajin jinin da ake gano cutar da shi yana iya kasa nuna ta idan an riga an daina cin gulutin, don haka ganin likita ne ya kamata ya zo kafin canza abinci. Idan an tabbatar, sauran iyali ba sa rasa komai wajen cin abu ɗaya da majinyacin: masar hatsi da yankakkiyar albasar Galmi a cikin ƙullunta, da yajin ƙuli ko miyar taushe ga manya, da zuma ko nono ga yara, tana ƙosarwa har azahar, kuma ana iya haɗa ta da ƙosai, wanda shi ma wake ne zalla idan ba a gauraya shi da fulawa ba.